Sunan wa ake rubutawa a jikin ƙunshin manhaja?

Assalamu alaikum. Na gode wa shugaban taro. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abu huɗu na zo da su. Amma bari mu fara fahimtar juna a kan kalmar ƙunshi. Wani ne ke rubuta manhaja ya saki tushenta ga kowa. Wani daban ne ke ɗauko ta, ya daidaita ta da sauran kayan tsarin, ya ƙunshe ta yadda za ka girka a kwamfutarka da umarni ɗaya. Manomi daban, wanda ya auna hatsi ya ɗinke buhu ya kai Dawanau daban. Wannan na biyun shi ne mai kula da ƙunshi, kuma dominsa na tsaya gabanku yau.

Na farko, Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. Kundin ƙa'idojinta bai bar zancen suna ga son ran kowa ba. Dole kowane ƙunshi ya zo da fayil na haƙƙin mallaka, ya faɗi inda aka samo tushen da lasisin da ke kansa. Sannan akwai layin da ake kira Maintainer, sunan mai kula da adireshinsa na imel. Sannan akwai rajistar sauye-sauye, duk wanda ya ɗora sabon zubi, wato sabuwar sigar ƙunshin, sai ya sa sunansa da kwanan wata. Wannan rajistar tana tuna mini da wani littafin fiƙihu na hannu da ke akwatin kakana. A shafin ƙarshe mai kwafi ya rubuta sunansa da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu ya sa shi a addu'a. Bai ce shi ya wallafa ba, sunan mawallafi na can farko. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan ladabin.

Yanzu ku saurara, nan ne zuciyar maganar. A 2004 wata Linux ɗin mai suna Ubuntu ta fito, tana ɗibar ƙunshin Debian, ta sauya wasu, ta sake ginawa. Sunan mutumin Debian kuma aka bar shi a layin mai kula. Ai girmamawa ce, ko ba haka ba? To ga abin da ya biyo baya. Manhaja ta ba wani matsala a Ubuntu, ya duba ya ga suna, ya aika wa mutumin Debian ƙorafi a kan gyaran da bai yi ba, bai ma taɓa gani ba. Ka ɗinka riga, wani ya farke ya sake ɗinkawa, wuya ya matse, mai riga ya zo shagonka da faɗa. In kuma an goge sunan, an ci haƙƙinsa, don kusan duk gumin nasa ne. A bari matsala, a goge matsala.

Me suka yi? Suka raba layin gida biyu. Layin mai kula ya koma ɗauke da masu aikin Ubuntu, aka buɗe wani mai suna Original-Maintainer aka ajiye mutumin Debian. Ina son wannan maslahar ƙwarai, wallahi ina sonta. Domin suna a jikin ƙunshi aiki biyu yake yi. Ɗaya godiya, ɗaya ƙofar da za a ƙwanƙwasa in abu ya lalace. Godiya ta har abada ce, ƙofa kuwa ta wanda ke cikin gidan yau ce. Ku rubuta wannan, ɗalibai, godiya daban, ƙofa daban. Mutanen Arch Linux, wani nau'in Linux ɗin, ma haka suke yi: in ka gaji ƙunshi, sunanka ya hau layin Maintainer, na wanda ka gada ya sauka layin Contributor, ba a share shi. A Debian in mai kula ya ajiye aiki, ƙunshin maraya suke ce masa, har sai wani ya ɗauki riƙonsa. Kun ga har kwamfuta na da marayu, masu neman lada ga dama ta samu.

Na uku... na biyu ne? To, na biyu, da sauri. Godiya ma in aka tilasta ta a inda bai dace ba takan zama kaya. Tsohon lasisin BSD, wani lasisin sakin manhaja ga kowa, ya ce duk tallan da ya ambaci manhajar sai ya ambaci Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Kowa ya kwaikwaya ya sa nasa sunan, har Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yancin manhaja, ya ƙirga irin wannan jimla 75 a zubin 1997 na wani tsarin kwamfuta mai suna NetBSD. A 1999 jami'ar ta janye sharaɗin. Su kuma masu gina Linux, a ƙasan kowane gyara sukan rubuta wanda ya kai rahoton matsalar da wanda ya gwada maganin. Saura masu fassara, waɗanda suka fi shafar mu masu Hausa, domin...

Na'am, 'yar'uwa? A miƙa mata makirfo.

Tana tambaya, in an rubuta suna, wa ya tabbatar na gaskiya ne? Kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Akwai manhajar matse fayil mai suna xz, kusan kowace Linux na ɗauke da ita. Lasse Collin ya shafe shekaru yana riƙe da ita ba albashi, ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare tun 2021, sannu a hankali har aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A ciki ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse cikin kwamfutocin mutane, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya tona asirin, bayan ya lura shiga wata na'ura daga nesa ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Lokacin abin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, ita ma wata Linux ce.

Debian takan nemi mai ɗora ƙunshi ya sa hannu da makullin sirri wanda wasu 'yan ƙungiyar suka shaida. Amma wannan shaidar ta tsaya kan mai ƙunshewa, ba ta kai ga inda ya ɗebo tushen ba. Shi kuwa Collin, sunansa na nan a fayil ɗin haƙƙin mallaka cikin miliyoyin kwamfutoci duk tsawon shekarun nan, kuma da yawanmu ba mu taɓa buɗe fayil ɗin ba sai ranar da abin ya fashe.

Shugaban taro na nuna mini agogo, an kira la'asar. Zancen masu fassara sai mun dawo daga masallaci.