Mawaƙan Punk da Tashar MTV: Masu Gudun Akwatin Talabijin

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla, mu fara.

Ranar 1 ga Agusta 1981 aka buɗe tashar MTV a Amurka, a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙoƙi. Ku kula da yadda cinikin yake tun farko, don nan gizo ke saƙa. Tashar ba ta biyan kuɗin bidiyon. Kamfanin faifai ne ke ɗaukar nauyinsa, ya kai mata kyauta a matsayin talla, sau da yawa kuma ya zare kuɗin daga rabon mawaƙin. Wanda ba shi da babban kamfani a bayansa, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

Su kuwa 'yan punk, samari ne da suka taso a Ingila da Amurka wajen 1976, da gita da ganga da tsawa, waƙa gajera, ba ado. Aƙidarsu ita ce ka yi abinka da kanka: ka buga faifanka, ka liƙa takardar sanarwarka, ka yi wasa a ƙaramin zaure inda gumin mawaƙi ke taɓa na mai kallo. Tun kafin MTV ma, ƙungiyar The Clash ta ƙi zuwa Top of the Pops, shirin waƙoƙi na talabijin ɗin BBC, domin a can motsa baki kawai ake yi, faifai na juyawa a ɓoye. A wurinsu yaudara ce.

A San Francisco akwai ƙungiyar Dead Kennedys. Jagoransu ya raɗa wa kansa Jello Biafra, kuma e, Biyafara ɗin da kuka sani ce, ta yaƙin basasar Nijeriya, ya haɗa ta da sunan wani kayan zaƙi na Amurka don ya nuna ƙoshi kusa da yunwa. Na ga wasu sun yamutsa fuska. Nima ban ce ya kyauta ba. A 1985 suka fitar da waƙa mai suna "MTV Get Off the Air", wato MTV ta sauka daga iska. Ƙorafinsu shi ne tashar na tauna wa matasa abinci ta zuba musu a baki: kafin ka ji waƙa ka ƙaga hotonta a zuciyarka, an riga an zaɓa maka hoton.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne abin da The Replacements na Minneapolis suka yi. Sun shiga babban kamfani, ga kuma bukatar bidiyon talla. Sai suka yi wa waƙarsu "Bastards of Young" bidiyo baƙi da fari, kyamara ta kafe a kan sifika guda. Ba fuskar mawaƙi ko ɗaya. Wani mutum ya shigo, ya zauna a kujera yana shan taba, kai kana kallon sifika tana rawa minti uku da wani abu. A ƙarshe ya tashi ya ɗirka mata shuri ya fice. An ce a yi, sun yi, amma fa ran wanka ba a ɓoye cibi, kowa ya gane zagi ne.

Fugazi na birnin Washington ba su tsaya barkwanci ba. Ba bidiyon talla, ba sayar da riguna, kuɗin shiga wasansu dala 5 a mafi yawan lokuta, faifansu kuma daga ƙaramin kamfanin Dischord wanda mawaƙinsu Ian MacKaye da abokinsa suka kafa a 1980.

Kada ku ɗauka kowa ya riƙe wuta. The Clash ɗin da suka guji BBC, bidiyonsu na 1982 ya yi ta yawo a MTV. A 1991 tashar ta ɗaga Nirvana sama, su da suka fito daga wannan tsatso. Da Green Day suka koma babban kamfani suka fitar da faifansu na 1994, zauren 924 Gilman na Berkeley, inda suka yi rarrafe, ya rufe musu ƙofa, don dokarsa ta hana mawaƙan manyan kamfanoni hawa dandalinsa.

An miƙo mini takarda cewa lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a kai masa makirufo.