Shaidar da ba ta hannunka: binciken laifi a rumbun gajimare

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, bari mu fara da yadda aikin yake a da. Idan aka kama wanda ake zargi da damfara, jami'i zai ɗauke kwamfutarsa, ya kwafe faifan ajiyar ɗungurungum, ya fitar masa da lambar SHA-256, wata lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikin faifan. Ko baƙi ɗaya aka taɓa a ciki, lambar nan sai ta sauya. Da ita yake tsayawa gaban alƙali.

To yau ka buɗe kwamfutar, wayam. Wasiƙun suna Gmail, takardun suna rumbunan Amazon ko Microsoft, abin da ake kira gajimare ke nan. Ba dama ka je ka kinkimo na'urar, domin masu haya da yawa ne a cikinta. Wa zai bari ka kwashe sito guda saboda buhu ɗaya? Abin da kamfanin ya miƙo maka, shi ne rabonka.

Kuma a wace ƙasa buhun yake? A watan Disamba 2013 wata kotu a Amurka ta umarci Microsoft ya miƙa wasiƙun wani mutum. Kamfanin ya ce suna Dublin, a ƙasar Ayalan, hannun kotun bai kai can ba. Aka yi ta ja har Kotun Ƙoli, sai da majalisa ta yi dokar CLOUD a Maris 2018, wadda ta wajabta wa kamfanonin Amurka miƙa bayanai ko da a wata ƙasa suke, sannan maganar ta mutu. Ku lissafa, shekara huɗu da 'yan watanni, kuma Amurka ce fa ke neman abu a hannun kamfaninta.

A nan gida Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbacin cewa kwamfutar da ta fitar da bayanin lafiyarta ƙalau. Wa zai sa hannu kan na'urar da bai taɓa gani ba? Lauyan wanda ake ƙara nan zai fara caccaka.

Shawarata, ran da ƙorafi ya iso, a aika wa kamfanin buƙatar ya killace bayanan. Dokar Amurka ta ba da kwana 90, ana kuma iya sabuntawa. Kwamfutar da ake haya a gajimare kuwa, da mai hayar ya goge ta, abin da ke ƙwaƙwalwarta ya tafi.

Sannan ku kula da agogo. Rajistar kamfanonin nan galibi da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta ta, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Abin da ka gani 11:30 na daren Litinin, a Kano Talata ta riga ta shiga.