Sarkin Da Ya Shiga Ƙasa Ba Sallama

Sarkin Suwidin na yanzu ana ce masa Carl na 16. Amma da za ku bi baya kuna ƙirga masu wannan suna, shida daga cikinsu ba a taɓa haihuwarsu ba. Wani babban limamin coci mai suna Johannes Magnus ne ya ƙago su a tarihin da ya rubuta, wanda aka buga a 1554. Don haka, masu kallo, labarin sarakunan farko na ƙasar nan sai an yi masa tankaɗe da rairaya.

Wanda masana suka fi samun natsuwa da fara lissafi daga kansa shi ne Erik Mai Nasara, da ya rasu wajen 995. Ɗansa Olof ya gaje shi, ya karɓi addinin Kirista, har aka buga kuɗi da sunansa a garin Sigtuna. Bayansa 'ya'yansa biyu, Anund Jakob da Emund, suka hau bi da bi. In ka ji haka sai ka ɗauka sarautar gado ce tsantsa. Ba haka take ba. Jinin sarauta takara kawai yake ba ka, gadon mulki kuwa taron jama'a ke bayarwa.

Tun wajen 852, da wani mai wa'azin Kirista, Ansgar, ya koma garin Birka neman izinin yin wa'azi, sarkin lokacin cewa ya yi ba shi da ta cewa sai an jefa ƙuri'a, an kuma ji bakin jama'a. Tsohuwar dokar lardin Västergötland, ta wajen 1220, ta faɗe shi ƙarara: mutanen Svear, wato na yankin birnin Uppsala da kewaye, ke da ikon ɗora sarki, su ke da ikon tsige shi.

Ana zaɓen ne a wani fili kusa da Uppsala, wurin duwatsun Mora. Daga nan sabon sarki ya ɗaura sirdi, ya fita rangadin da suke kira Eriksgata. A kowace iyaka dole ya ja linzami ya jira. Mutanen lardin su zo su tarye shi, su ba shi wasu daga cikinsu jingina don a tabbatar ba za a taɓa shi ba, ya rantse zai kiyaye dokarsu, sannan su yi masa mubaya'a.

To, wajen shekarun 1120 aka yi wani sarki Ragnvald, wanda ya ga wannan duk ɓata lokaci ne. Ya kutsa Västergötland kai tsaye, ba jira, ba jingina. Ga mutanen wurin wannan raini ne, kamar ya ce ba su isa ya ji tsoronsu ba. A Karleby suka kashe shi.

Daga wajen 1130 zuwa 1250 gidaje biyu, na Sarki Sverker da na wani Sarki Erik (ba Mai Nasara ba), suka yi ta karɓe-karɓe, sau da yawa da bakin takobi. Sverker kansa an kashe shi a 1156 a hanyarsa ta zuwa coci ranar Kirsimeti. Ɗansa Karl, wanda ake lissafawa na 7 alhali shi ne Karl na farko a zahiri, Knut ɗan Erik ya hallaka shi a tsibirin Visingsö a 1167. Sai a 1544, zamanin Sarki Gustav Vasa, majalisar ƙasa ta zauna a Västerås ta mai da sarautar ta gado.