Wanda ya ce "zamna" bai yi kuskure ba

Assalamu alaikum, jama'a masu saurare.

Wani ɗan ƙanena ya taso daga Tawa ya zo karatu nan Yamai. Ran nan ya shigo gida ransa a ɓace, wai abokansa sun yi masa dariya don ya ce "ku zamna", sun ce Hausarsa ta ƙauye ce, ta gaskiya ita ce "ku zauna". Tun ranar yaron yake tauna magana kafin ya fitar da ita. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa sharhinmu na yau zai leƙa wajen malaman da suka kafa kimiyyar harshe ta zamani, mu ji ko suna bayan masu dariyar.

Ferdinand de Saussure, malami a birnin Janeba na ƙasar Suwis, ya rasu a 1913 bai rubuta littafin da ya sa sunansa ya fita ba. Abokan aikinsa ne suka tattara abin da ɗalibai suka rubuta a ajinsa suka buga a 1916, kamar dai yadda almajirai kan adana karatun malaminsu. Ya koyar cewa magana ce asali, rubutu bayanta yake bi, kuma babu wata igiya da ta ɗaure kalma da abin da take nufi sai yardar masu harshen. Aikin masani shi ne ya kasa kunne ya bayyana yadda mutane ke magana. Daga baya Noam Chomsky na Amurka, tun daga 1957, ya jawo hankali kan yadda kowane yaro ke kama nahawun harshen uwarsa ba tare da allo ko alli ba.

To, ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya duba Hausa a wajajen 1928, ya gano yadda baƙin da ke ƙarshen gaɓa yake sauyawa a tsawon zamani. Ku duba "talaka" da "talauci": harafin k ne ya narke ya koma u. Irin wannan narkewar ce ta faru a Hausar Kano, "zamna" ta zama "zauna", "sabka" ta zama "sauka", "amre" ya zama "aure". Mutanen Adar, wato yankin Tawa, da na Sakkwato kuwa suka riƙe tsohuwar sigar. Haka "biyat" ta girmi "biyar". Ashe yaron da aka yi wa dariya maganar kakanni ce a bakinsa. Har yau masana na kiran wannan ka'ida da sunan Klingenheben, kuma karin harshe irin na Tawa na cikin hujjojin da ke tabbatar da ita. Bafaranshe Bernard Caron ma littafi guda ya buga a 1991 a kan Hausar Adar kaɗai.

Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu. Ya sa Hausa cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da Tamajak. Ke nan Bahaushe da Buzu da ke ciniki a kasuwar Tawa, harsunansu kaka ɗaya suka haɗa, ko da yake da nisa ƙwarai. Masana na jayayya kan wasu rassan rabon nasa, amma wannan dangantaka ta Hausa ta zauna.

Wani abu da ke damuna shi ne sunayen da ba a cika faɗa ba. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka taɓa bautarwa, shi ne wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakinsa wani ɗan mishan, James Schön, ya rubuta labarai da kalmomi masu yawa da suka shiga nahawunsa na 1862 da ƙamus ɗinsa na 1876. Ana yabon mai alƙalami, ana mance mai bakin. Ni a wurina Dorugu malami ne.

Ba na faɗa da daidaitacciyar Hausa. Muna bukatarta a jarida da littafin lakkol, balle yanzu da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma in za a rubuta littattafan yara, a tuna da "sunka zo" da "shina tahiya", kada malami ya ɗauke su kuskure ya ja musu jan biro. Ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni kuma, tsofaffin Ilela da Keita da Buza suna nan da kalmomin da ba su shiga kowane ƙamus ba.

Ɗan ƙanen nawa zai koma gida hutu. Na roƙe shi ya zamna gaban kakarsa da wayarsa, ya naɗo mana tatsuniyoyinta yadda take faɗinsu, mu sa muku su a wannan fili in Allah ya kai mu.