Goyon da fayil ke tafe da shi

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Bashir, jiya na kai filashi shagon buga takardu. Da aka buɗe sai ga kowane fayil da ƙaninsa a gefe, sunansa ya fara da ɗigo da ɗan layin ƙasa. Mai shagon ya ce cuta ce.

Malam Bashir: Ba cuta ba ce, Hadiza. Daga Mac kika kwafo su, ko?

Hadiza: Ƙwarai kuwa.

Malam Bashir: To, goyo ne aka sauke. Tun 1984 Apple ke ajiye wasu bayanai a gefen ainihin fayil. Yau har da launin alamar da kika sa masa da shafin da aka sauko shi. Filashi mai tsarin FAT32 ba shi da mazubin irin wannan, shi ya sa Mac ke juye su cikin ɗan fayil daban.

Aminu: Windows ma haka take, Malam. A tsarin NTFS, duk abin da ka sauko daga intanet ana maƙala masa shaida mai suna Zone.Identifier, ita ke sa Word ya buɗe takarda amma ya hana ka gyara sai ka amince. Kwafe ta a irin filashin nan, shaidar ta faɗi a hanya, kariyar ta tafi.

Malam Bashir: Shi ya sa na fi son a ƙulle komai cikin ƙunshi ɗaya. Ku ɗauki takardar Word mai ƙarshen suna docx, ku sauya ƙarshen sunanta zuwa zip, ku buɗe. Ga rubutu a ɗakinsa, ga hotuna a nasu, ga ɗan fayil mai sunan marubuci da na wanda ya yi gyaran ƙarshe. Tun Office 2007 ake haka, kuma duk inda takardar ta je da kayanta take zuwa.

Aminu: Ni dai raina yana kan BeOS, wata tsohuwar babbar manhaja, wato irin wadda ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A can kowace wasiƙar imel fayil ce, babbar manhajar da kanta ta san mai aikowa da taken saƙo, kana neman su nan take ba tare da buɗe wata manhaja ba. Microsoft ta yi yunƙurin irinsa da WinFS, ta haƙura a 2006.

Hadiza: Amma Malam, ƙunshin nan naka yana tona asiri fa. A 2012 hoto ɗaya da mujallar Vice ta wallafa ya nuna John McAfee, wanda ya kafa kamfanin riga-kafin cutar kwamfuta kuma yake ɓuya a lokacin, yana Guatemala, domin wayar ta rubuta wurin a cikin hoton. Yanzu ka duba 'yar jarida, ko matar da ke ɓuyar wa mai cutar da ita.

Malam Bashir: Kin yi gaskiya, abin yana damuna ni ma. Nauyin nan na babbar manhaja ne. Lokacin da mutum zai tura fayil, ta nuna masa ɓaro-ɓaro: ga sunanka, ga unguwarku, ga ranar, wanne za a cire? Ba a binne shi can ƙasan saituna ba.

Hadiza: To, ƙannen nan na filashina, in goge su?

Malam Bashir: Goge su. Takardunki ba abin da zai same su, launin alamar ne kawai za ki sake sawa.