Abin da ke raba hankalin ɗalibi da allo, da yadda darasin lissafi zai maido shi

Masu kallo, duk wanda ya taɓa leƙa aji a Damagaram cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya ga yaran da idanunsu ke kan allo amma hankalinsu yana wani wuri. Galibi akan ce taurin kai ne, alhali dalilan sun fi haka yawa. Wani yaron tun da asuba ya fita neman ruwa, domin matsalar ruwa tsohuwa ce a garin nan. Wani bai karya kumallo ba. Wata kuma tana zaune can baya a ajin zana, inda hayaniyar ajin maƙwabta ke danne muryar malaminta.

Sai dai akwai dalilin da ya fi waɗannan ɓuya, kuma shi ne ya fi damuna. Lissafi gini ne da ake ɗora bulo a kan bulo: yaron da bai riƙe tarawa da kyau ba a aji na biyu, zai ci karo da ninkawa da rabawa a gaba, kuma da zarar ya rasa mataki ɗaya, sauran bayanin ya zame masa surutu. Ƙari a kan haka, darasin yana zuwa da Faransanci, wato yaro yana kokawa da harshe da lamba a lokaci guda. Wanda ya daɗe bai gane ba, ƙarshe sauraron ma yakan daina.

Abin lura shi ne, wannan yaron da ake cewa bai iya lissafi ba, kullum lissafi yake yi. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka duk yarinyar da aka aika kasuwar Dole tana ninkawa da biyar ba tare da ta san sunan abin da take yi ba. A ce mata tiyar hatsi dala 120, ta sayo tiya uku, a ba ta jaka biyu, wato dala 400. Nan take za ta ce canjinta dala 40 ne. Malamin da ya fara daga nan, sannan ya nuna mata cewa 40 sau 5 shi ne sefa 200 da za a rubuta a allo, ya riga ya kama hankalinta, domin ya fara da abin da ta sani kafin ya kai ta ga wanda ba ta sani ba. Haka ma darasin kaso: yara suna jin rabi da sulusi da rubu'i a maganar rabon gado, suna kuma ganin ana fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka bayan girbi. Wannan tunani ba baƙo ba ne a nan, domin a Zinder, wato nan Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973.

Sai kuma ƙaramin allon da kowane yaro ke riƙewa. Idan malam ya yi tambaya, kowa ya rubuta amsarsa, aka ɗaga alluna gaba ɗaya, babu wanda zai fake a bayan ɗan'uwansa, kuma cikin ƙiftawar ido malam zai ga wanda ya ɓata hanya, ko da ajin ya cika maƙil. Bayani ya zama gajere, aikin hannu ya biyo baya da tsakuwa ko kara ko murafan kwalba. Idan yaro ya yi kuskure, a tambaye shi yadda ya bi ya kai ga amsarsa, tunda a nan ne ake gano matakin da ya rasa, kuma yaron da aka yi wa dariya yau, da wuya ya sake ɗaga allonsa gobe.