Koyon Bayolin Ba Malami: A Fara Gyara Hannun Dama

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu biyar zan kawo muku yau a kan koyon bayolin, wato gogen Turawa, ga wanda bai samu malami ba: kayan kanshi, ɗaurin tsirkiya, riƙo, jan baka, wato sandar izgar da ake goga wa tsirkiya, sai yatsun hagu. In lokaci ya bari mu taɓa tsarin atisaye.

Na farko, kayan. Babban mutum cikakken girma yake saya, wanda ake rubuta wa 4/4. Na yara su ne 3/4 da 1/2 zuwa ƙasa. Tsirkiya huɗu gare shi, daga mai kauri zuwa siririya: G, D, A, E. Wannan siffa a Italiya ta daidaita tun ƙarni na 16, garin Kiremona ya yi suna a kanta, kuma har yau ba ta canza sosai ba. Kun ga wannan ɗan katakon da tsirkiyoyi suka hau? Jaki ke nan. Ba a manna shi da gam, nauyin tsirkiya ne kawai ya riƙe shi. A cikin cikin bayolin ma akwai wani ɗan sanda a tsaye, shi ma matsi ne ya riƙe shi. Saboda haka kada ka kwance tsirkiya huɗun a lokaci guda. Jaki zai faɗi, sandan ciki na iya bin sa, shi kuwa sai mai gyara. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa.

Ɗauri kuma, sauke manhajar daidaita sauti a waya. Tsirkiyar A tana kan lamba 440 a manhajar, daga ita ake farawa. In tazarar kaɗan ce, yi amfani da ƙananan kusoshin ƙarfe na ƙasa. In da yawa ce, sai maɗauran katako na sama, kana murɗawa kana ɗan tura su ciki, in ba haka ba su sulale. A hankali da E, ita ce mai saurin tsinkewa, kuma ka kau da fuskarka. Bayan ɗauri ka duba jaki ta gefe, don yakan riƙa sunkuyawa gaba. Ka miƙe shi da yatsun hannu biyu.

Riƙo: a kan ƙashin wuya na hagu yake zama, muƙamuƙi a kan matashinsa, ba tsinin haɓa ba. Sayi abin tallafin kafaɗa. Kada ka ɗaga kafaɗa don ka kamo shi. Shi ke nan, mu wuce, don inda nake so mu je na gaba.

Baka. Jama'a, baka! Sabon ɗan koyo duk hankalinsa yana kan hannun hagu, saboda shi ake gani yana rawa. Amma muryar daga dama take fitowa. Hagu yana zaɓen sautin ne, dama ke haifar da shi. Wanda ba shi da malami, a nan yake ɓata, don babu mai tsayawa gabansa ya ce masa bakanka ya karkace.

Mu fara daga izgar. Gashin wutsiyar doki ne. Sabon baka ba ya magana ko kaɗan, sai mutum ya zaci an sayar masa da mataccen kaya. Ƙaro ne babu, wanda ake kira rozin. Karon farko ka goga shi minti biyu zuwa uku daga gindi har tsini. Bayan nan, shafa uku ko huɗu duk bayan kwana biyu ya isa. In ka ga farar ƙura tana tashi kana ja, ya yi yawa. Kada yatsa ya taɓa izgar, maiƙon hannu yana hana ta kama tsirkiya. Matse ta da kusar gindi har tazarar da ke tsakaninta da sandar, a tsakiya, ta kai kaurin fensir. Sandar ta ci gaba da lanƙwasarta zuwa wajen izga; in ta miƙe sak, ka matse fiye da kima. Ka gama, ka sassauta. Kullum. Na ce kullum, malam na can yana dariya, shi ne zai fara mantawa. (dariya)

Riƙon baka: babban yatsa a lanƙwashe, yana fuskantar yatsan tsakiya. Ƙaramin yatsa a lanƙwashe, tsininsa a saman sandar. Da zarar babban yatsa ya miƙe ya sandare, duk hannun ya sandare har kafaɗa, sai baka ya riƙa tsalle a kan tsirkiya. In ka ji yana karkarwa, babban yatsa za ka fara dubawa.

Yanzu ga zancen. Baka dole ya tafi daidai da jaki, kamar layi biyu da ba sa haɗuwa, a tsakiyar filin da ke tsakanin jaki da bakin baƙin allon yatsu. Me ya sa yake karkacewa? Saboda hannun ɗan Adam da'ira yake yi. In ka ja daga kafaɗa, gwiwar hannu ta koma baya, tsinin baka ya zagaya, sauti ya zama iska. Maganinsa: ɗora tsakiyar baka a kan D. Duba, damtse da gaɓar hannu da baka da bayolin sun yi kusan murabba'i. Daga nan zuwa tsini, gwiwar hannu ce kawai ke buɗewa, kamar ƙyaure, damtse yana nan inda yake. Kuna gani? Buɗe, rufe. Buɗe, rufe. In damtsen ya ƙi zama, jingina shi da bango ka ja. Bango ba ya yi maka kara.

Kuma idonka zai ruɗe ka. Daga inda kake kallo, bakan da ya karkace shi ne yake kama da miƙaƙƙe. Don haka madubi. Tsaya yadda za ka ga jaki a madubin kamar siririn layi ɗaya, sannan ka ja. Ko ka kafa waya ta ɗauke ka minti biyu, ka zauna ka kalla. Wanda ba shi da malami, waɗannan biyun su ne idon malaminsa.

Abu na uku... a'a, na uku mun wuce shi ko? To, ko na nawa ne, har yanzu muna kan baka. Sauti abu uku ke yin sa: sauri, nauyi, da wurin da izga ta taɓa. In ka ji ƙara kamar ana jan ƙofa mai tsatsa, nauyi ya yi yawa, tafiya ta yi kaɗan. In ka ji shewa ko fito, nauyi ya yi kaɗan, ko baka ya zame kan allo. Kusa da jaki yana son nauyi da jinkiri, nesa da shi yana son sauƙi da sauri. Kuma nauyin daga hannu yake saukowa ta manuniya, ba dannawa ake yi ba. Sauke hannunka kawai.

Shawarata, mako biyu na farko kada yatsan hagu ya taɓa tsirkiya. Buɗaɗɗiyar tsirkiya kawai: ƙirga huɗu zuwa ƙasa, huɗu zuwa sama, a rabin baka na sama, kowace tsirkiya minti biyu. Mutane suna ganin ɓata lokaci ne. Ba ɓata lokaci ba ne, wallahi. Wanda ya tsallake wannan zai iya kiɗa goma, dukansu da murya mai ƙaiƙayi, kuma warware mugun sabo ya fi koyon sabon abu wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai, lokaci! Hannun hagu da sauri. Allon ba shi da alama, saboda haka manna siririn tef uku, manhajar ta nuna maka wurin: na farko kusan santimita 3 da rabi daga saman allo, na uku kusan santimita 8, na biyu dab da na uku. Wuyan hannu a miƙe, farce a yanke, babban yatsa kada ya shaƙe wuyan bayolin. Fara da D da A: buɗe, ɗaya, biyu, uku. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar guda. Girgiza yatsa don ƙawata sauti, bar shi tukuna. In wuya ko wuyan hannu ya yi zafi, ajiye, akwai abin da ka matse.

Na'am, 'yar'uwa, ɗaga murya.

(Wata mai sauraro ta tambaya: in babu malami, yaya za ta san yatsanta yana daidai ba tare da kallon waya kullum ba?)

Madalla da wannan tambaya, da na tafi ban faɗa ba. Bayolin da kansa zai gaya miki. Ɗora yatsa na uku a kan D, sautin G ne. In ya zauna daidai, tsirkiyar G da ba ki taɓa ba za ta kama rawa da kanta, ido ma yana ganinta, sautin ya buɗe ya yi amo. In kin kauce ko da kaurin farce ne, amon ya mutu. Haka yatsa na uku a kan A yake tayar da D, na uku a kan E yake tayar da A. Ki ja a hankali, ki ɗan mirgina yatsan gaba da baya har ki ji ya buɗe, ki ɗaga, ki sake nema ba tare da kallon tef ba, sau goma. Ƙanwata, matso gaba ki riƙe wannan. Sauran ku yi shiru, ku sa ido a kan tsirkiya mai kaurin nan.